Sharhi Kan Tsohon Injin Kwale-kwale Johnson Mai Ƙarfin Doki 5.5: Gyaransa da Haɗin Man da Ya Dace da Shi

Injin da nake sharhi a kansa ya girme ni da shekaru masu yawa. Johnson Sea-Horse ne mai ƙarfin doki 5.5, samfurin CD-14, ƙirar shekarar 1957, kuma lokacin da ya zo hannuna ya daɗe a jingine a ɗakin ajiya, fentinsa ya koɗe, igiyar tayar da shi ta ruɓe, tankinsa kuma yana warin tsohon fetur. Na gyara shi da hannuna a hankali, kuma yanzu na kusa shekara biyu ina aiki da shi a kan ƙaramin kwale-kwale. Hukuncina shi ne inji ne da ya cancanci a saya a gyara, amma da sharaɗi guda wanda mutane da yawa ke tuntuɓe a kansa, wato a ba shi adadin man da kayan cikinsa ke buƙata, a manta da adadin da aka rubuta a jikin robar man zamani.

Kamfanin Johnson na wasu 'yan'uwa ne daga jihar Indiyana ta Amurka, waɗanda suka fara sayar da injinan kwale-kwale a farkon shekarun 1920, daga baya suka koma garin Waukegan a jihar Ilinoyi. A tsakiyar shekarun 1930 kamfanin ya shiga ƙarƙashin inuwa ɗaya da Evinrude, wanda Ole Evinrude ya kafa a Milwaukee, kuma haɗakar tasu ce aka sani da OMC. Wannan tarihi yana da amfani ga mai gyara, domin injin Evinrude Fisherman mai doki 5.5 na zamanin tamkar tagwayen wannan ne, launi da murfi kawai suka bambanta su, kuma akasarin kayan gyaran ɗaya suna shiga ɗayan. OMC ya durƙushe a ƙarshen shekarar 2000, kamfanin Bombardier na Kanada ya sayi sunayen biyu a 2001, sannan aka daina ƙera injinan Evinrude a 2020. Duk da haka kayan da suka fi lalacewa a irin wannan inji, kamar kwayil da kwantak da kwandensa da robar famfon ruwa da kayan kabureta, har yanzu wasu kamfanoni suna ƙera sababbinsu, saboda OMC ya shafe fiye da shekara 20 yana amfani da kusan tsarin wuta iri ɗaya a ƙananan injinansa.

Injin yana da silinda biyu masu faɗin ciki kimanin cc 145 idan aka haɗa biyun, nauyinsa ya kai kusan kilo 25, ruwa ne ke sanyaya shi, kuma yana da giyar gaba da ta baya da firi, da totur da ake murɗawa a hannun tuƙi. Nau'in inji ne mai bugu biyu, wanda makanikai ke kira tu-sirok, ma'ana ba shi da rumbun baƙin mai a ƙasansa kamar injin mota. Duk man da zai jiƙa fistin da karanshaf da sandunan da ke haɗa su, tare da fetur yake shiga ta kabureta, ya ratsa cikin injin, ya ƙone ya fita da hayaƙi. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai fahimci rabin abin da zan faɗa a gaba.

Kafin na kashe ko sisi a kan kayan gyara, abubuwa uku na duba, kuma ina ba duk mai niyyar saye shawarar ya yi haka. Na ja igiya na ji injin yana juyawa ba tare da ya cije ba, sannan na cire fulogi biyun na auna ƙarfin matsin kowace silinda da ma'aunin kwamfureshan. Abin da ya fi muhimmanci a awon shi ne silinda biyun su yi kusa da juna, kada tazararsu ta wuce kashi 10 cikin 100, domin idan ɗaya ta faɗi ƙasa sosai to ringi ya maƙale, ko gasket ɗin kai ya ƙone, ko bangon silinda ya karce. Na uku, na kwance kusar man giya ta ƙasa na ga abin da ya fito. Man da ya yi fari kamar madara alama ce ta ruwa ya shiga ta sil, wato zoben robar da ke toshe yoyo, kuma wannan gyara ne mai sauƙi, amma idan ruwa ne tsagwaron ya fito da tsatsa da ɓurɓushin ƙarfe, to haƙoran giyar sun riga sun ci wuya. Nawa ya ci jarrabawar farko da ta biyu, ta ukun kuma madara ya ba ni.

Ɓangaren wuta shi ne inda wannan inji ya fi burge ni a matsayin abin gyara. Ba ya buƙatar batir, domin maganaɗisun da ke jikin filawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a saman injin, ne ke wucewa ta gaban kwayil biyu ya haifar da wutar da ke zuwa fulogi. Kwayil na asali na wancan zamani kusan dukansu rufinsu ya tsattsage saboda tsufa, kuma nawa biyun haka na same su, sun dare kamar busasshiyar ƙasa. Ba a ɓata lokaci wajen liƙe su, sababbi ake sawa, tare da kwantak da kwandensa da wayoyin fulogi. Tazarar bakin kwantak inci 0.020 ce, wato rabin milimita, ta fulogi kuma inci 0.030, kimanin milimita 0.76, kuma fulogin da aka saba sa masa shi ne Champion J6C, ko J4C ga wanda ke yawan gudu da cikakken totur. Wurin da ake ɓarna shi ne cire filawil. Akwai ramuka uku a samansa da aka yi domin abin ja na musamman, kuma ta nan ake jansa. Wani da ya taɓa injin kafin ni ya bar tabon guduma a kan notin, kuma na yi sa'a bai lanƙwasa bakin karanshaf ba. Wajen mayarwa ana goge mazaunin ya bushe sarai ba tare da ɗigon mai ba, a ɗaure notin da sifana mai awo gwargwadon ƙa'ida, domin idan ya yi sako-sako ɗan ƙarfen da ke riƙe filawil a gurbinsa zai yanke, lokacin wutar ya goce, injin ya ƙi tashi ko ya riƙa fizge igiya daga hannun mai ja.

Kaburetar ba ta da wuyar sha'ani, kuma mutum zai iya wargaza ta ya wanke ya haɗa cikin yini guda. Abin lura shi ne abin da ke yawo a cikin kofinta yana tsayar da fetur idan ya cika, wanda a da ake yi da ɓawon itace mai sauƙi a shafe shi da wani irin ƙaro. Fetur mai haɗe da sinadarin itanol yana narkar da wannan shafe, ɓawon ya sha mai ya nutse, kaburetar ta riƙa ambaliya, don haka na maye gurbinsa da na roba. Tana da allura biyu da ake murɗawa da hannu, ɗaya ta silo ɗaya ta gudu, kuma zan dawo kansu domin suna da alaƙa kai tsaye da batun mai.

Tankin shi ne abin da zai ba mai sabon inji mamaki. Akasarin injinan OMC na kafin 1960 ba su da famfon fetur, sai dai tanki mai tiyo biyu, ɗaya yana kai iska daga cikin injin zuwa tankin ya matsa, ɗayan kuma yana kawo fetur. Tsari ne mai wayo, kuma yana aiki lafiya muddin murfin tankin da gasket ɗinsa da zobban robar mahaɗin ba sa yoyon iska. Amma tanki ne mai matsi cike da fetur a cikin kwale-kwale, kuma ban ɗauke shi da wasa ba. Na sauya tiyon biyu da duk robobin, kuma duk lokacin da na gama aiki nakan sassauta murfin iskar ta fita. Akwai masu sa wa injin famfon fetur su koma tanki mai tiyo ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba, sai dai ni na bar nawa yadda aka ƙera shi.

Idan akwai inda ƙirar ke gwada haƙurin mai gyara, to famfon ruwa ne. Robar da ke juyawa a cikinsa tana tura ruwa sama ya sanyaya silinda, kuma ko ba a yi aiki da injin ba tana bushewa ta karye, saboda haka sauya ta wajibi ne a duk tsohon injin da ba a san tarihinsa ba. A injina da yawa ana kwance ƙafar ƙasa kawai a kai gare ta, amma a wannan samfuri sai an ɗaga kan injin gaba ɗaya kafin a iya kwance sandar giya ƙafar ta sauko. Kusoshi ne 'yan kaɗan, kuma wanda ya yi sau ɗaya ba zai ƙara jin tsoro ba, amma dole a tanadi sabon gasket na ƙasan kan injin, a kuma lura da jerin ƙananan sil da sifirin da ke saman sandar da ke kai juyin injin zuwa giyar ƙasa, domin su ke hana ruwa hawa ya shiga mazaunin karanshaf na ƙasa. Da na haɗa ƙafar da sababbin sil, na ɗura man giya ta ramin ƙasa har ya ɓullo ta na sama, domin idan aka zuba ta sama iska na maƙalewa a ciki mutum ya zaci ya cika. Ba a tayar da injin a sarari ba tare da ruwa ba ko na ɗan lokaci kaɗan, domin sabuwar robar ma tana ƙonewa nan take. A cikin ganga cike da ruwa na gwada nawa, ruwan ya haura saman famfon sosai.

Batun haɗin mai shi ne inda na fi jin maganganu masu karo da juna, kuma shi ne ainihin abin da ke raba injin da zai ƙara shekara 20 da wanda zai buga a fitarsa ta uku. Umarnin da ya zo da ƙananan injinan Johnson na shekarun 1950 shi ne rabin fayint na baƙin mai mai kauri SAE 30 a kowane galan ɗaya na fetur. Galan na Amurka lita 3.785 ne, rabin fayint kuma kimanin mililita 237, wanda ya ba da kashi 16 na fetur a kan kashi 1 na mai, abin da ake rubutawa 16:1. Tankin galan 4 da ake haɗa injin da shi yana cin gwangwanin kwat guda daidai, wato rubu'in galan na mai. Manyan injinan zamanin, da kuma waɗanda aka ƙera har zuwa 1963, ana ba su 24:1, wato kwat guda a tankin galan 6. Daga 1964 ne OMC ya koma 50:1, kuma wannan adadi ne ya zauna a kan mutane har suke zaton dokar kowane injin kwale-kwale ce.

Hujjar da ake yawan kawowa ita ce man zamani ya fi na 1957 inganci nesa ba kusa ba, don haka rabin adadin ko ƙasa da haka ya isa. Rabin maganar gaskiya ne. Man da ke ɗauke da shaidar TC-W3, wadda ƙungiyar masu ƙera kayan jiragen ruwa ta Amurka, NMMA, ke bayarwa, ya fi tsohon man mota ta kowace fuska: yana gauraya da fetur cikin sauƙi, ba ya barin toka, ba ya cika ramukan hayaƙi da gawayi, kuma ba ya saurin kashe fulogi. Amma abin da ya canza a tsakanin 1957 da 1964 ba mai kaɗai ba ne, har da kayan cikin injin. Injinan da aka ƙera daga baya suna da boris masu ƙananan allurai da ke mirginawa, kuma ɗan hazon mai ya ishe su. Sandunan fistin na wannan samfuri kuwa a kan bushin suke juyawa, ƙarfe a kan ƙarfe, kuma abin da ke raba su shi ne shimfiɗar mai mai kauri da dole ta riƙa sabuntuwa a kowane juyi. Ingancin mai ba ya cike gurbin yawansa a irin wannan wuri. Idan shimfiɗar ta yi siriri bushin ya yi zafi, ya ci, sandar ta saki, kuma sau da yawa ta fasa jikin injin ta fito waje.

Saboda haka abin da nake yi shi ne sabon mai a tsohon adadi, wato TC-W3 a 16:1. Akwai masu ba irin wannan inji 24:1, suna dogara da shawarar da aka bayar daga baya ga injinan kafin 1964 baki ɗaya, kuma da yawansu injinansu na nan lafiya. Ni dai na zaɓi na zauna a kan umarnin asali, domin hasarar da ƙarin mai ke jawowa ita ce hayaƙi da wanke fulogi lokaci-lokaci, hasarar ƙarancinsa kuwa ita ce karanshaf da ba a ƙera sabonsa ba tun shekaru da yawa. Abin da ba zan yarda da shi ba ko kaɗan shi ne 50:1 a wannan inji, balle 100:1. Ko OMC kansa ya taɓa ba da shawarar 100:1 ga wasu injinansa a tsakiyar shekarun 1980, sannan ya janye ya koma 50:1. Kuma 16:1 ba wani abin mamaki ba ne a duniyar tsofaffin injina, domin British Seagull na Ingila 10:1 yake sha, sai a 1978 aka mayar da sababbinsa 25:1.

Lissafin a lita ba shi da wuya, ana raba mililita 1000 da lambar farko. A 16:1 kowace lita tana cin mililita 62.5, wato jarka mai lita 10 tana cin mililita 625. A 24:1 kimanin mililita 42 ne a lita, a 50:1 kuma mililita 20. Ina amfani da kofi mai awo, kuma ban taɓa yarda da kintacen ido ba. Nakan zuba fetur kaɗan a jarka, na zuba man gaba ɗaya, na rufe na girgiza, sannan na cika da sauran fetur na sake girgizawa, domin idan aka zuba mai a busasshen tanki yakan kwanta a ƙasa inda bututun zuƙa yake, injin ya fara shan mai zalla daga baya ya koma shan fetur zalla. Na kuma rubuta adadin da fenti a jikin jarkar, saboda haɗaɗɗen fetur na 50:1 da na 16:1 ba su da bambancin da ido zai dogara da shi.

Nau'in man ma yana da muhimmanci. Man tu-sirok da aka yi domin injinan da iska ke sanyayawa, irin na zarton inji da ƙananan babura, an haɗa shi ne domin zafi mai tsanani, kuma yana ɗauke da sinadaran da ke barin ɗan toka. Injin kwale-kwale yana aiki a sanyaye kuma yana daɗewa a gudu ɗaya, don haka wannan toka tana taruwa a bakin fulogi da kan fistin. Man mota na zamani kuma bai dace ba, domin an cika shi da sinadaran wanki da ba a yi su domin a ƙona ba. Game da fetur kuwa, na gama-gari ya isa, tunda matsin injin ba shi da yawa, kuma ba ya buƙatar darma ko abin da ke maye gurbinta, domin ba shi da bawul irin na injin mota da darmar ke karewa. Wanda ya samu fetur marar itanol ya fi masa. Wanda bai samu ba sai ya tabbatar tiyonsa da robobinsa na zamani ne, kuma kada ya bar haɗin ya yi watanni a tanki, domin itanol yana jan danshi daga iska, kuma idan ruwan ya yi yawa sai su rabu da fetur su kwanta a ƙasa, su zama abin da injin zai fara zuƙa ba tare da isasshen mai a ciki ba.

A nan ne allurai biyun kabureta ke shigowa, kuma kuskuren da na yi da kaina a nan yake. Tunda man yana tafiya ne a cikin fetur, duk wanda ya matse allura ya rage fetur to ya rage mai. A fitata ta farko na riƙa matse allurar gudu ina jin muryar injin tana daɗa kaifi, ina jin daɗi, har sai da ya fara tari yana neman mutuwa, kuma na taɓa kan silinda na ji ya fi yadda ya kamata zafi. Hanyar da ta dace ita ce a bar injin ya ɗumama, a buɗe totur gaba ɗaya a kan ruwa da giya a ciki, a matse allurar a hankali har a sami inda ya fi gudu, sannan a sassauta ta kaɗan zuwa ɓangaren yalwa a bar ta a nan. Bayan haka ake saita ta silo. Launin fulogi yana ba da labari bayan tafiya mai ɗan tsawo: ruwan ƙasa alama ce ta lafiya, baƙi mai danshi yana nuna yalwa ta yi yawa ko an daɗe a silo, fari fat kuwa gargaɗi ne da ba a jinkirta amsa shi.

A kan ruwa injin yana tashi a ja na biyu ko na uku idan yana da sanyi, da cok a ja, kuma idan ya ɗumama ja ɗaya ya ishe shi. Silinda biyun suna ba shi silo mai laushi da natsuwa wanda ƙananan injinan zamani masu silinda ɗaya ba su kai shi ba, kuma yana iya tafiya a hankali na tsawon lokaci ba tare da ya mutu ba, abin da masu jan ƙugiya ke so. Ba injin tsere ba ne, kuma da mutum biyu da kaya a ciki tafiyar matsakaiciya ce. Farfelarsa tana riƙe ne da ɗan fil da aka yi domin ya karye idan ta bugi dutse ko kututture, don haka ba na fita ba tare da wasu a aljihu ba, da fulogi biyu da sifanar fulogi.

Aibobinsa kuma a fili suke, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Yana shan fetur fiye da injin zamani mai ƙarfi irin nasa, yana hayaƙi musamman a farkon tashi, kuma yana barin ɗan kyallin mai a kan ruwa a bayansa, domin wani kaso na abin da ya zuƙa yana fita ba tare da ya ƙone ba. Saboda wannan dalili ne wasu wurare suka hana irin waɗannan injina, kamar tafkin Tahoe na Amurka da ya haramta injinan tu-sirok masu kabureta tun 1999, don haka wajibi ne mai saye ya binciki dokar ruwan da zai shiga. Akwai man TC-W3 da aka haɗa domin ya ruɓe da wuri a cikin ruwa, kuma shi nake nema duk lokacin da na samu, tunda adadin da nake zubawa ya ninka na injin zamani sau uku. Haka kuma ba shi da igiyar da ake ɗaurawa a hannu wadda ke kashe inji idan matuƙi ya faɗa ruwa, kuma wannan shi ne gyara ɗaya tilo da na ƙara masa wanda ba na asali ba. Waya biyu ne daga kwantak biyun zuwa makunnin, kuma na haƙa ramin da suka bi ta ƙasan murfi inda ba ya ɓata kamannin injin.